Daddawar Barira a Hawa na Tara

Duk ɗan Arewan da ya yi karatu a Kuala Lumpur a shekarun nan, in dai yana da ciki kuma yana da waya, ya san Anti Barira. Ba ta da shago, ba ta da allon talla. Abin da take da shi ɗan gida ne mai ɗaki biyu a hawa na tara na wani dogon bene a Titiwangsa, da tukwane uku, da muciyar da ta taho da ita daga Gezawa, wadda ma'aikatan filin jirgi suka yi ta juyawa suna tambayar ko ta wasan ƙwallo ce.

Rakiyar miji ta zo. Malam Alkasim malamin kwaleji ne, gwamnati ta turo shi digiri na uku a kan noman rani, aka ce shekara uku, ga shi ana cikin ta biyar. Satin da ta sauka ya kai ta mamak, shagunan abincin nan na Indiyawa Musulmi, wai don ya burge ta. Ta ɗanɗana miya ta ajiye cokali.

"Abban Ummi, wa ya zuba sukari a miya?"

"Haka suke yi, Maman Ummi."

"To Allah ya shirye su. Dubi wancan kuma mai tsiyayo shi daga sama kofi zuwa kofi, shayi yake haɗawa ko shiƙar gero?"

Washegari ta ɗora tukunya, kuma tun ranar ba ta sauke ba. Tuwon shinkafa, miyar kuka, ɗan wake, masa ranar Juma'a. Manyan malamai masu furfura, waɗanda a gida ake riƙe musu jaka, a nan su ne ke aiko saƙo: "Anti, don Allah a ajiye mini ƙanzo."

Gidan nan kuwa ba da sauƙi suka same shi ba. Wata huɗu suna nema. A waya dillali zai ce boleh, boleh, ba matsala, ku zo ku gani. Suna isa ya ga fuskarsu, sai gidan ya zama an kama shi jiya. Daga ƙarshe wani tsohon ɗan Sin mai sayar da tayar babur, Mista Tan, ya yarda, amma da sharaɗi guda: ƙorafi ɗaya daga ofishin kula da benen, su tattara nasu ya nasu.

Barira ta riƙe sharaɗin nan kamar ƙwai. Turmi a kan ninkakken bargo take ɗora shi. Manja ba ta bari ya yi hayaƙi. A lif, in an matsa gefe an rufe hanci da mayafi, sai ta kalli silin ta haɗiye. Alhali a benen nan kullum da hantsi sai an soya belacan, wani dunƙulen ruɓaɓɓen jatan lande da in ya ji wuta sai ka nemi hanyar waje. In lokacin duriyan ya zo kuwa, ɗan itacen nan mai ƙaya, lif ɗin kansa sai ya koma kamar an fasa masai. Shekara biyar tana shaƙa, ba ta taɓa buga ƙofar kowa ba. Tarawa kawai take yi, kuma Barira ba ta da mantuwa.

Farkon Maris na 2020 Alkasim ya tafi fadamar Haɗejiya tattaro bayanan bincike, ya ɗauki 'yarsu Ummi ta gano kaka. Sati uku aka ce. Kafin su cika, korona ta rufe ƙasa, aka kafa dokar zaman gida. Mamak suka kifa kujeru a kan tebura, sai dai tapau, a ƙunsa maka ka wuce. Barira ta rage ita kaɗai da tukwanenta, oda kuwa ta ninka, don ɗaliban da ke kulle a ɗakuna ba abin da suke tunawa sai girkin iyayensu. Masu babur na zuwa ƙasan bene suna ɗauka.

Masu saye ba su yanke ba. Akwatuna ne suka yanke. Daddawarta duk a akwatin masu dawowa daga hutu take zuwa, naɗe cikin leda biyar. Jirgi ya daina sauka, kuma kwana goma kafin azumi ta kankare ƙasan gwangwani.

Miyar kuka ba daddawa? Koren ruwa ke nan. Ba da sunanta za a kai wa mai azumi wannan ba.

To ita 'yar Umma ce, kuma Umma, mahaifiyarta, ita ce mai daddawar unguwarsu kaf. Kalwa babu, amma akwai waken soya a kasuwar Chow Kit. Ta sa takunkumi ta je ta sayo kwano biyu, ta dafa, ta murje ɓawon, ta sake dafawa har ya yi luguf, ta tsane shi, ta zuba a kwando a kan ganyen ayaba, ta lulluɓe da buhu, ta ɗora tsohon bargo. Saura jira. A nan dokar Umma take, dokar da aka sha ranƙwashi a kanta: ba a buɗewa, ba a leƙawa. Iska ta shiga, aiki ya ɓaci. Hanci ne ke gaya maka ta nuna. Sai warinta ya taso ya same ka a inda kake, sannan ka ɗaga bargo.

A satin ta ɗan yi mura da ciwon jiki na kwana biyu. Ta ɗora laifin a kan fanka, ta sha shayin citta, ta ci gaba da aiki. Sai kuma girki ya fara yi mata salam. Wannan laifin ta ɗora shi a kan 'yan kasuwa. Hafiz, wani ɗan Zariya mai karatun injiniya, ya kira ta.

"Anti, sori fa, ba raini ba, amma miyar jiya a teku aka ɗebo ruwanta?"

"Kai Hafizu, yaushe ka yi bakin da za ka gyara mini gishiri? Da ka zo garin nan ba taliyar leda kake ci har wuyanka ya yi kamar mariƙin lema ba?"

"Wallahi Anti harshena har yanzu..."

"Ga mamak nan, je ka su zuba maka sukari."

Kwana uku, ta tsaya kan kwando ta ja numfashi. Shiru. Kwana huɗu, shiru. Ta ce waken garin nan ma munafuki ne. Ta ƙara bargo na biyu, ta ja kwandon jikin tagar kicin inda rana ke bugawa, tagar da ke buɗewa ga barandar da duk 'yan hawa na tara ke bi. Wannan fa a Kuala Lumpur, garin da tuwon safe ba ya kai la'asar.

Kwana biyar ta tsaya da girki, don babu daddawa kuma ranta a ɓace yake. Ta ga wata takarda an turo ta ƙasan ƙofa da Malayanci, ta ɗauka tallar maganin kyankyaso ce, ta goge murhu da ita.

Ranar ta shida da hantsi aka fara dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Ta buɗe. Mak Cik Rohani ce, tsohuwar da ke ƙofar kusa, da takunkumi biyu a fuska. Bayanta mai gadi riƙe da ƙarfen ɓalle ƙofa, bayansa wani siririn ma'aikacin ofishin benen da fayil a hannu. Tsohuwar na ganin ta ta dafe ƙirji.

"Alhamdulillah! Tana da rai!"

Da guntun Turanci da guntun Malayanci aka fahimci juna. Kwana uku ke nan wari ya hana hawa na tara sakat, ya sauka na takwas, ya hau na goma. Mak Cik ta san mijin ba ya nan, jiya kuma ba ta ji motsin tukunya ba. Ta ɗauka cutar nan ta kashe Barira a ɗaki, gawarta ce ke ruɓewa.

Barira ta ɗaga hanci ta shaƙa. Iska fes, kamar bayan ruwan sama.

Shi ke nan. Shekara biyar ta ɓalle lokaci ɗaya.

"Wari? Wane wari? Ni ce gawar? Ni? Kun ga baƙar mace ita kaɗai, kun zo da ƙarfe! Shekara biyar kina soya ruɓaɓɓen abin nan naki, Mak Cik, har kayan shanyata su ɗauka, na taɓa kiran mai gadi? Duriyan ɗinku da ko otal ba a bari a shiga da shi, na taɓa rufe hanci a gabanku? Ku kuke rufe mini! A lif! Ni da nake turara kayana kullum! Kai kuma mai fayil, rubuta, rubuta da kyau, ka ce Barira ta ce ƙarya kuke!"

Turanci ya ƙare mata a hanya, ta ƙarasa da Hausa, har da abin da ba ya rubutuwa. Ƙofofi suka buɗe, kawuna suka leƙo, kowa da hannu a hanci, abin da ya ƙara tunzura ta.

"Ku tsaya. Kar wanda ya motsa. Yau zan kunyata ku."

Ta shiga ta kinkimo kwandon ta dire a tsakiyar baranda. Ta karya dokar Umma da hannunta, ta yaye bargo, ta yaye buhu.

Mai gadi ya saki ƙarfen ya ruga matattakala yana kakari. Mai fayil ya yi ta danna maɓallin lif kamar yana bin sa da gudu. Ƙofofi suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Barira ta duba. Ba sai an gaya wa 'yar Umma ba: waken ya yi baƙi ƙirin, ya narke, yana tsiyaya, har da masu motsi a gefe. Ta sunkuya ta kai hanci har yana taɓawa. Babu komai.

Ta koma ɗaki da sauri ta buɗe kwalbar humra. Babu. Man zafi. Babu. Ta fito baranda. Mak Cik ce kaɗai ba ta gudu ba, idonta na ruwa don wari.

"Adik," ta ce mata, wato ƙanwata, "ba kya jin komai?"

Barira ta girgiza kai.

"'Yata nas ce. Ta ce masu cutar nan da yawa hancinsu ne ke fara mutuwa."

Ta faɗa a hankali, sannan ta ja baya taku uku.

Gwaji ya tabbatar. Aka kwashe ta zuwa wurin killacewa, aka bi duk wanda ya ci tuwonta a satin aka zura masa tsinke a hanci. Allah ya tsare, ba wanda ya ɗauka, sai dai Hafiz ya aiko mata saƙo: "Anti, ashe teku ba ta da laifi." Daddawar kuwa wasu mutum uku cikin fararen kaya har ka suka zo suka ɗauke ta a leda uku, suka feshe barandar da magani. Ko Umma ba a taɓa yi wa tata irin wannan rakiya ba.

A gadon killacewa azumi ya same ta, a nan kuma wayar Mista Tan ta same ta. Bai ɗaga murya ba. Ya yi mata sannu, sannan ya ce shi ƙorafi ɗaya ya ce, ga sha ɗaya a gabansa. In an sassauta doka, ta nemi wani wuri.

Ta kira Alkasim. Yana can Haɗejiya, ana jin kukan zabi a bayansa.

"Sannu Maman Ummi. Amma ai da kin ɗan buɗe kin duba."

"Ba a buɗewa!"

"Ko da kwana shida?"

"Abban Ummi, kai da ka shekara biyar kana auna ruwan fadama ba ka gama ba, kai za ka koya mini ƙirga kwana?"

Ya sauya zance, don mutum ne mai ilimi.

Ba ciwon ne ya fi cin ta ba, ba ma gidan ba. Shekara biyar ana rufe mata hanci a kan ƙarya tana haɗiyewa. Rana ɗaya tak da ta buɗe baki ta amayar, ranar ce suke da gaskiya. Wannan ne ya hana ta sukuni, har ma'aikatan jinya suka yi ta mamakin hawan jininta.

Da ta dawo, ta tarar da leda rataye a hannun ƙofa, shinkafa da naman da Mak Cik ta dafa. Ta cinye a tsaye, cikin fushi, ba ta ma san ko da sukari ba. Sannan ta je ta buga ƙofar tsohuwar, ta tsaya daga nesa.

"Maaf, Mak Cik. Ki yafe ni." Ta juya za ta tafi, ta kasa. "Amma belacan ɗinku yana wari."

"Yana yi mana," in ji tsohuwar. "Naki ya fi."

Aka koma neman gida. Boleh, boleh a waya, an kama jiya a bakin ƙofa. Sati bakwai tana yawo, wa'adin Mista Tan na ƙaratowa, kwalaye ɗaure a falo. Sai wani dillali ya ce akwai wani a Chow Kit, amma gaskiya ba mai son sa, shekara guda ke nan a rufe. Saman shagon busasshen kifi ne da belacan.

Tana tsakiyar matattakala abin ya doke ta. Wata biyu da rabi hancinta a mace, sai a nan ya ga damar farkawa, kuma abin da ya fara kawo mata ke nan. Ta dafa bango, hawaye na zuba.

"Wa'iyazubillahi! Wannan wace irin masifa ce?"

Dillali ya fara ba da haƙuri, yana cewa akwai wani gidan a mako mai zuwa.

"Mutanen benen nan, suna kai ƙorafin wari?"

"Wa za su kai wa, Madam?"

"Kawo makulli."

Can take har yanzu. Alkasim da Ummi sun dawo, muciya tana nan, kwando yana jikin taga, kuma har gobe ba ta buɗewa sai ya kira ta. Ba wanda ya taɓa buga mata ƙofa, sai rana ɗaya da mai shagon kifin ya hawo, ya tsaya yana murza hannu, ya ce abin nan da take haɗawa yana sauka shagonsa, masu saye suna tambaya ko kifinsa ne ya lalace.

Barira ta kalle shi daga sama har ƙasa, ta ajiye muciya, ta gyara ɗaurin zane.

"Abban Ummi," ta ce, "rage wutar nan. Zan ɗan jima."