Doya Uku Daga Kasuwa Zuwa Yelwa

Allurar wata uku-uku ake yi mini ita, tun da aka gano ciwon daji a wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarata, wanda maza kaɗai ke da shi. Likita ya ce aikinta ta kashe sinadarin mazantaka, don shi ne abincin ciwon. To, ta kashe shi kuwa, har da abin da ban ce ta taɓa ba.

Ni mutum ne mai son sanin dalilin abu, shekara talatin ina koyarwa a firamare. Sai na zauna ina kallon jikina kamar na wani. Ina zaune lafiya lau a inuwa, sai zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa fuska, gumi sharkaf. Tumbi ya fito, cinyoyi suka zube. Matata ta dube ni ina fifita da hula, ta kwashe da dariya.

"Malam, lokacin da nawa ya zo, da al'adata ta ɗauke, ai cewa ka yi raki ne."

"Ashe haka kuke ji?"

"Sannu da zuwa," in ji ta.

Dariyar ta ƙare ranar da na yi sujada a masallacin unguwa na kasa miƙewa, sai da na dafa kafaɗar na kusa da ni. Wallahi na tsorata. Likita ya ce allurar tana cin tsoka da ƙashi, kuma in ban yi tafiya ina ɗaukar abu mai nauyi ba, ƙafafun nan za su ajiye ni.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ashe na manta a Jalingo nake, kuma da furfura.

Ranar farko ban kai bakin titi ba wani mai keke ya ja birki. "Baba, shigo, ba sai ka biya ba." Na ce tafiya nake so, ya dube ni kamar na zage shi. Na ɗauki jarkar ruwa a tsakar gida, maƙwabciya ta hango ta katanga, ta fara yi wa matata faɗa wai an bar dattijo da aiki. Ikon Allah! Garin nan kaf ya haɗa baki zai kashe ni da ladabi. Ni kuma da fulako aka raine ni, ciwon da ya shafi wannan wurin ba na iya furta shi, ko 'yan'uwana cewa na yi musu hawan jini ne.

Sai na ɓullo da dabara. Zan je kasuwa in sayi doya uku manya, in saɓa a kafaɗa, in tako har unguwarmu Yelwa. Akwai wata 'yar Mumuye da nake saye a wurinta shekara da shekaru, mai faɗa da dariya a lokaci guda. Ta zaɓa mini, ta ɗaure bakin buhu, na miƙa hannu. Ta buge hannun.

"Baba, kai ba zai ɗauka ba. Ni zan kai maka bakin titi."

"Madam, bar mini kayana."

"Mutane su ce ni ba shi da kunya? Haba!"

Tana ja, ina ja, masu tumatir sun fara kallo. Zafin nan ya taso mini, raina ya ɓaci, kuma na ga ƙarara cewa in na saki buhun nan, na saki ƙafafuna ke nan. Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

"Ciwon daji gare ni, a wajen fitsari. Allurar da ake mini tana cinye ƙarfina. Likita ya ce in ɗauki kaya, in ba haka ba zan zauna."

Na ji kunya har cikin ƙashina. Na jira ta yi salati irin nasu na Kirista ko ta kawar da kai. Sai ta saki buhun a hankali. Sannan ta matso, ta rage murya.

"Fitsarin yana fita kaɗan-kaɗan? Yana tsayawa, yana dawowa?"

Na ce haka ya fara mini.

"Maigidana ke nan, shekara biyu. Ya daina zuwa gona, ya daina zuwa coci. Ya ce in na faɗa wa wani, in koma gidanmu."

Ta ɗaga buhun da kanta ta ɗora mini a kafaɗa, ta gyara shi ya zauna daidai. Idonta ya cika da ƙwalla.

"Kai doyarka gida, Baba. Gobe ka zo ka faɗa masa yadda ka faɗa mini. Ni ba ya jin nawa."