Gadar da ta raba ni da maƙwabcina

Ko da zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da na tsaya a gaban wata tsohuwar gada a cikin rairayin ƙasar Yobe ina zagin mutumin da bai yi mini komai ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma rabin fushin da kaina nake yi.

Ƙanena ne zai yi aure a can, ni ne wakilin ango. Ban iya dogon tuƙi ba, sai maƙwabcina a unguwar Dutsen Kura, wani Bagwari mai walda, ya ce zai tuƙa ni a motata. Muka kwana a hanya. Da safiyar Juma'a muka shiga ƙasar da ba ka ganin komai sai yashi da ƙaya.

Can sai ya ce, "Malam, akwai wani gada a nan gefe, babba. Babana ya sha ba ni labarinsa. Mu ratse kaɗan?"

A bakin Bahaushe, gadar daji daban, gadar da ake hawa daban, muryar ce ke raba su. Shi kuwa duk ɗaya yake faɗinsu. Na san babansa maharbi ne, sai kunnena ya ji nama. Har na fara hango kaina ina shiga gidan biki da cinyar gada. Ban tambaye shi komai ba, kwaɗayi ya ce mini to, ni ma na ce masa to.

Muka bar kwalta, muka yi ta kutsawa. Daga ƙarshe ya tsaya gaban wasu ƙarafa masu tsatsa a kan busasshen rafi, ya fito yana murmushi.

Na ce, "Ina gadar?"

Ya ce, "Ga shi kana kallo."

Kafin in gama fahimta, muka ga tayoyin baya sun nutse a yashi. Muka tura, muka tona da hannu, rana tana gasa mu. Muna cikin haka baffana ya kira. "Kana ina? An idar da salla, liman yana jira, dangin amarya sai kallonmu suke!" Ban gama rantse-rantse ba ya kashe. Wani ɗan'uwa aka tsayar a madadina aka ɗaura auren, ni da na riƙe angon tun rasuwar mahaifinmu.

Nan na haukace. Na ce wa maƙwabcina, "Ƙarfe ka kawo ni gani? Ba ga irinsa a shagonka ba? Ku da kuka ari Hausa a kasuwar Sauka Kahuta, ku riƙa yin shiru in ba ku iya ba!"

Sai ya ce, "Babana ya yi lebura a ginin gadan nan da rani, a nan ya rasa yatsu biyu. Shi na zo gani. Kai kuma da ka gaji Hausa, me ya hana ka tambaya?"

Wasu masu raƙuma suka taimaka muka fito, maƙwabcina ya kai ni har ƙofar gidan biki, ya miƙa mini makullin mota, ya nufi tasha. Ko ruwa bai sha ba.

Ƙanena ya yafe mini tun a ranar. Maƙwabcina kuwa na je na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Amma tun daga shekarar, shinkafar Kirsimeti da ya saba aiko mana ba ta sake shigowa gidana ba, kuma in zai gaishe ni, da Turanci yake yi.

Abin da na koya shi ne, in magana ta zo maka da fuska biyu, tambaya ba ta cin minti guda. Wanda kuwa ka goranta wa harshenka, ranar da ya daina yi maka magana da shi za ka san abin da ka zubar.