Rubutun Rawaya a Kwamfutata

Muryar wata baturiya ce ta cika falonmu ranar, busasshiyar murya mai sauri, tana karanto duk abin da ke kan allon kwamfutata har da waƙafi. Ni na saka manhajar, saboda Baba. Tun da ya bar aiki a masana'antar Kudenda idanunsa suke dushewa, har jaridar da ya saba karantawa kowace safiya ta koma abin fifita a hannunsa. Burina ɗaya ne: in mayar masa da karatunsa.

Na kama yatsunsa na ɗora su kan madannai uku.

"Baba, in ka danna waɗannan tare, rubutu zai yi girma, ita kuma ta karanta maka."

Allon ya koma baƙi, haruffa suka fito rawaya, manya-manya. Ya saurari matar kaɗan, sai ya janye hannunsa.

"Uwata, wannan ko numfashi ba ta yi? Da raina za a riƙa yi mini karatu kamar ɗan aji ɗaya? Kashe ta."

Umma ta leƙo daga kicin tana dariya. "Malam, ka samu mai fin ka surutu ne shi ya sa."

Na yi dariya ni ma, amma zuciyata ta karye. Na cire manhajar a ranar. Muryar ta tafi.

Rubutun rawayan ne ya ƙi tafiya. Lokacin ina bautar ƙasa a wata makaranta a Kamazou, ina barin kwamfutar a gida. Kullum na dawo na buɗe burauzar shiga intanet, sai in tarar da baƙin allo da manyan haruffa, kalma huɗu ta cika layi. In shiga saiti in mayar da komai daidai, washegari su dawo. Na kai ta wajen mai gyara a Kakuri, ya ce cuta ce ta shige ta, ya wanke ta tas. Da na dawo aiki kashegari, ga su nan suna jirana.

Akwai kuma wani ɗan tabon maiƙo da nake samu a tsakiyar allon. In goge shi da gefen mayafina, in ɗora laifin a kan hayaƙin girki.

A hankali na gaji da faɗan. Har na soma son abin. Haruffan sukan yi mini kama da fitilun unguwar Trikania idan an kawo wuta da magariba, kuma waƙoƙina na farko a cikin wannan rawayan na rubuta su. Amma duk lokacin da na gan su sai in tuna na kasa. Baba kuwa ya ci gaba da zama a ƙofar gida da abokansa, yana musu kan majalisa da farashin taki, babu mai kayar da shi. Na ɗauka a rediyo yake jin labaran.

Sai bayan shekaru, ina goyon ɗana na fari, na ba Umma labarin kwamfutar da ta gagare ni. Ta yi dariya har ta share hawaye.

"Cuta? Babanki ne cutar. Kina fita zai turo ƙofa, ya lalubo madannan nan uku, ya manna hancinsa a gilashin. Jarida yake karantawa da idonsa har azahar. Ya ce in na faɗa miki, za ki dawo masa da baturiyar."

"To me ya hana shi mayar da ita yadda take?"

"Kunnawa kika koya masa," in ji Umma. "Ba ki koya masa kashewa ba."