Inda Nasiru Yake Jan Numfashi

Jiya da la'asar ina shiga gidanmu a unguwar Gawon Nama sai na ji kiɗa yana tashi daga ɗakin Inna. Irin mai zafin nan da ake saki a wurin biki, matasa su yi ta tsalle. Inna fa! Matar da ko rediyo ya sako waƙa sai ta ce a kashe.

Na ɗaga labule. Tana zaune a kan tabarma, waya manne da kunnenta.

Waƙar ƙanena Nasiru ce. Da rana yana taya Baba sayar da nama, da yamma ya sulale situdiyo a Sabon Gari yana waƙar rap, gambarar zamani. Wannan waƙar kaɗai ya samu ya yi kafin ya rasu a hatsarin mota bara.

Na ce, "Inna, kina gane abin da yake faɗi kuwa?"

Ta ce, "Ina fa! Sauri shika yi kamar ana korar shi. Ni ba kiɗan nika saurare ba. Akwai wurin da shika tsayawa shi ja numfashi. Maido mini nan."

Na mayar. Kiɗa na ta sukuwa, sai ga ɗan numfashin.

Ta lumshe ido. "Ka jiya? Haka shika yi tun ina goyon shi."

Tsakar gida na fito, kar ta ga hawayena.

Ku sa Nasiru a addu'a. Cikinku wa ke da muryar wanda ya rasa a waya, ya kasa gogewa?