Majo Adawiyya, Wadda Ta Hana Mu Rabon Magani

Da hantsi za ka same ta a ƙofar gidan likitan garinmu, yamma da Gangara, da buta da farantin magani. Mai gyambon ciki ya zo ya haɗiye nasa a gabanta, ya buɗe baki ta duba, sannan ta ƙulla masa na sauran yini a takarda. Majo Adawiyya ke nan, babbar ma'aikaciyar jinyarmu. Shekara ashirin da uku tana nan, bayan kaka za ta ajiye aiki.

Ni boko aji uku na yi, ban kuma iya yabon mutum ba. Abin da na gani zan faɗa.

Bara ta ba ni maganin gyambon ciki na mako biyu. Wana Dado ya zo riƙe da ciki, irin ciwona, na raba biyu na ba shi. A ƙasarmu ta Damargu wa ke hana ɗan'uwa abin da ke aljihunsa? Ba wanda ya warke cikinmu. Dado ya koma wa kafson kasuwa, har ya fara bayan gida baƙi. Kafin damina muka binne shi.

Da na koma, ta'aziyyarta gajera ce. Ta ce rabin magani ba ya kashe ƙwayar cutar nan, wayo yake koya mata, na farkon ba zai ƙara cin ta ba. Ta aika Damagaram aka kawo wani, iri huɗu, ta hana ni zuwa da shi duka gida, sai na yini ɗaya.

Rana ta huɗu na ga bayan gidana baƙi, harshena ma baƙi. Tun farko ta gaya mani haka zai yi, amma wanda ya wanke gawar wansa ba ya tuna magana. Na ce mata na daina, a bar ni in mutu a ɗakina.

Ta ja fatar idona ta duba, ta yi awon jini, sannan ta ce, "Malam Haris, na Dado jini ne, naka rinin magani ne. In ka tsaya yau, ba ni da na uku."

Na haɗiye. Bayan wata biyu awon Damagaram ya ce cutar ta fita.

Majo, ke ce mai rowar da ta raya mu. Allah ya saka maki. Tsorona yanzu wanda zai gaje ki, kada ya zo da kunya. Ɗana, ko wane ne kai, mu mutane ne masu kyauta. In dattijo ya roƙe ka ka ba shi duka ya tafi, ka dubi furfurarsa, ka hana.