Tantin da Muka Kai Kribi

Ɗiyata ta fari ce ta kwaso mana wannan jidali daga makaranta, lokacin tana 'yar shekara shida. Malamarsu ta nuna musu hoton wasu yara sun kafa tanti a bakin ruwa suna gasa kifi, tun daga ranar yarinyar nan ba ta da zance sai na kwanan tanti. Ta ɗaure zanena a jikin kujeru su shige ita da ƙanenta, wai suna bakin teku, alhali ɗakinmu a unguwar Briqueterie ta Yaoundé in ka miƙe ƙafa da kyau sai ka taɓo bangon maƙwabta. Babansu tela ne, kuma ba ya iya ganin ta ɓata fuska. Da bakinsa ya yi mata alkawari: hutun ƙarshen shekara za mu je Kribi, ta kwana a tanti, ta farka ta ga teku. Na ce masa ya yi hattara, yaro ba ya manta alkawari. Ya ce shi ma ba ya mantawa.

A gwanjon kasuwar Mokolo ya samo tantin, ruwan goro, da yaga a gefe, ya ɗinke da keken shago. Ranar da muka gwada kafa shi a tsakar gida sai ga maƙwabta sun fara shigowa da sallama a sanyaye, suna tambayar wa ya rasu. A unguwarmu in an kafa rumfa, ko zaman makoki ne ko walima. Da aka gaya musu kwana za mu je mu yi a ciki, da gangan, da lafiyarmu, wata tsohuwa ta ja ni gefe ta tambaye ni ko mai gidan haya ne ya ba mu wa'adi. Ni kuwa a lokacin abin ya fara shiga raina. Ko ba komai zan samu kwana ɗaya ba hayaƙin masu tsire, ba ƙarar babura, ba mai aiko yaro aron gishiri.

Surukata Hajiya ta saurari shirin namu har ƙarshe, ta ce marigayi mijinta ya yi fatauci har ƙafarsa ta gaji, bai taɓa kwana a fili ba, don ba garin da ba Bahaushe. Da ina da wayo da maganar nan ta ishe ni gargaɗi. Da safen tafiya ta fito da buhun gero da ƙunshin yaji, ta ce mu miƙa wa Alhaji, aminin marigayi, mahauci ne a Kribi. Ai hanya ce, miƙawa kawai za mu yi mu wuce. A wurinmu ba a ƙin saƙo, kuma da zarar an ga but ɗin mota a buɗe kowa sai ya tuna yana da ɗan uwa a can. Aka kawo atamfa, aka kawo turare, har da wata fanka da aka gyara. Motar aro ce ta ƙanen maigidana, ta cika har ta durƙusa, tantin da aka yi tafiyar dominsa ya rasa wuri, a cinyata na riƙe shi.

Hanya ta yi mana yadda take yi wa mai ƙananan yara. Ƙaramin ya ci ayaba da gyaɗa a wurin masu talla, kafin mu kai garin Edéa ya dawo mini da su a gefen mayafi. Babbar kuwa duk kududdufin da ta hango sai ta tambaya ko shi ne tekun. Wani jandarma ya leƙa motar, ya kalli fanka, ya kalli buhu, ya tambaye mu ƙaura muke yi.

Muna tsayawa a ƙofar gidan Alhaji na gane Hajiya ta riga mu isowa ta waya. An share ƙofar gida an yayyafa ruwa, ƙamshin farfesu har titi. Alhaji dattijo ne dogo mai farin gemu, ya rungume maigidana yana cewa ga fuskar amininsa ta dawo. Ɗakinsa na kwana ya kwashe ya bar mana. Aka kawo tuwo, muka ci, aka kawo kifi, muka ci, aka kawo naman kai aka ce wancan duk taɓa baki ne. Yarinyar tana ta jan rigata tana nuna mini rana da ke sauka, ni kuma ina zungurar babanta da ƙafa.

Sai bayan la'asar ya iya buɗe baki, yana sosa ƙeya. Ya yi godiya mai tsawo, ya yi addu'a, ya kewaya ya kewaya, sannan ya ce dama yara ne suke son mu ɗan kwana a bakin ruwa, mun zo da tanti. Alhaji ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Ɗana, me na yi wa mahaifinka da za ka saka mini da wannan? Gobe a mahauta a ce ɗan aminina ya zo garin nan da iyalinsa ya kwana a kan yashi, ina raye, gidana da rufi?"

Maigidana ya ce ba haka ba ne, Baba, nishaɗi ne kawai. Alhaji ya ce shi bai san nishaɗin da ake yi da sauro ba. Aka yi ta ja har aka kai ga sulhu irin na manya, wanda ba a tambayar yaro: in tanti ake so, ga falo. Haka muka kafa shi a kan tayil, ƙarƙashin fankar sama. Turakun ba inda za su shiga, muka ɗaure igiyoyin a ƙafafun kujeru da teburin talabijin. Jikokin gidan suka zagaye suna tafi.

Yarinyar ta shiga, ta zauna, ta leƙo ta ƙofar tantin. Abin da ke gabanta kabad ne cike da kwanukan uwargidan Alhaji. Ta fito ta tsaya gaban babanta. Da ma kuka ta yi, da na san yadda zan lallashe ta.

"Papa, c'est pas ça," ta ce a hankali, ma'ana ba haka aka yi da ita ba. "Ka ce zan farka in ga teku."

Ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci sosai, na ja shi soro na faɗa masa abin da ke bakina: ya ɗauko yarinya tun daga Yaoundé ya kawo ta kallon kwanuka. Ya ce to ya zai yi, ya kunyata tsoho a garinsa? Na koma madafa ina huci, uwargidan Alhaji ta miƙo mini albasa in yanka, ta ce in yi haƙuri da mijinta. Lokacin da ya fara zuwa garin yana saurayi bai san kowa ba, a ƙarƙashin teburin mahauta ya yi ta kwana cikin damina, tun daga nan ya ɗaukar wa kansa cewa ba baƙon da zai kwana a waje yana da ɗaki. Na fahimce shi, amma fushina bai tafi ba, don ita ma yarinyar da gaskiyarta.

Ashe Alhaji ya ji abin da ta ce. Ya kira ta, ya zaunar da ita kusa da shi, ya tambaye ta me ke cikin wannan buhu mai ƙofa da babu a gidansa. Ta ce ba komai a ciki, Kaka, ƙofar ce take kallon teku. Ya daɗe yana shafa gemu. Can ya miƙe ya ƙwala wa babban ɗansa kira, ya ce a nemo masu amalanke.

"Baƙona ba zai kwana a waje ina ciki ba," ya ce. "In bakin ruwa kuka nufa, to yau gidana can yake."

Ban taɓa ganin ƙaura irin wannan ba. Aka lodo katifu, tabarmi, tukwane, butoci, fitilar caji, rediyon Alhaji da kujerarsa. Uwargida ta biyo da kular farfesu, jikoki suka biyo da matasai a ka. Maƙwabta suka ji Alhaji ya fita da baƙi, suka ga bai kamata a bar shi shi kaɗai ba. Kafin rana ta faɗi mun fi taron suna yawa, masunta sun tsaya da komarsu suna kallonmu. Ni da na gudo wa hayaniyar Briqueterie, sai ga ta ta biyo ni har bakin teku, kuma wallahi ba a jima ba wata mata ta aiko yaro ko ina da gishiri.

Amma tanti ya kafu a kan yashi, ƙofarsa na kallon ruwa. Aka yi magariba a jam'i, aka sake cin abinci, yaran biyu suka shige ciki suna ƙyalƙyala dariya. Alhaji ya ja tabarmarsa ya shimfiɗa daidai bakin ƙofar, ya ce nan zai kwana ya tsare su. Yarinyar ta leƙo ta gan shi, ta ce ya shigo. Ya ce wurin na yara ne. Ta ce tantin nata ne, kuma akwai wuri. Dattijon nan ya duba hagu ya duba dama, ya tattare babbar rigarsa ya rarrafa, hularsa ta faɗi a bakin ƙofa. Tsawonsa ya fi tantin, ƙafafunsa a waje suka kwana. Mu da muka sha wahalar ɗauko tantin muka kwana a tabarma, sauron Kribi ya yi walima da mu.

Da asuba Alhaji ya fito da baya da baya don kada ya tashe su, ya yi salla, ya zauna a bakin ƙofar yana jan carbi. Ni da maigidana muna gefe muna sosa jiki, na san abin da babanta yake jira, don idonsa bai bar tantin ba. Gari ya yi haske, ruwa ya fito fili har inda ido ya ƙare. Sai muka ji ƙarar zif daga ciki, 'yan yatsun yarinyar suka bayyana. Alhaji ya yi wuf ya ja jikinsa gefe, da tabarmarsa da carbinsa, don kada ya tare mata teku.