Mai Kifayen Laka

A bakin kasuwar Chan Chan, birnin laka na gaɓar teku, ga wani dattijo mai ƙusumbi, laka har gwiwar hannu, yana zana kifaye a katangar sarki. Yadda yake ja da baya yana karkata kai, da gani mutanen gidansa sun gaji da labarin katangar nan. Ya ƙi yi mata rumfa. Garin da ake tsufa ba a ga ruwan sama ba, wa zai rufe gwanintarsa?

"Baba, teku ta yi ɗumi, masunta sun ce ruwa na tafe," in ji wata mai talla. "Kifayenka sun iya iyo?"

"Masunta! Yaushe suka san sama?"

Sai ɗigo ya faɗo masa a goshi. Ya ɗaga kai yana neman tsuntsun da zai ɗora wa laifi. Babu ko ɗaya.